Kafa ko Ƙafa: Katin da Ya Hana Salifu Makaranta

Zuwa ga Likita Bature mai zagayen duba yaran makaranta a Salaga da Yendi da Bawku.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Ni ne Ilyasu, tsohon tafintanka, Bahaushen Salaga, jikan fataken goro. Na juya wasiƙar nan da ajami na aika wa sarakunan zango, wato unguwannin baƙi, na garuruwan nan uku, su sa a karanta bayan Juma'a, domin a bainar jama'a aka yi ɓarnar. Ƙara na kawo maka, amma za ka ga fiye da rabinta kaina nake kaiwa.

Na ɗaya. Bayan sanƙarau ya yi mana ɓarna, ka ce akwai yaran da ciwon ya taɓa kunnensu ko harshensu, kana so a gane su kafin a ɗauke su makaranta. Niyyarka mai kyau ce, ban taɓa shakka ba. Ka ce in zaɓo kalmomi ashirin masu wuyar faɗa, ka sa aka zana hoton kowace a kan kati. A nuna wa yaro ya faɗi sunan abin, ni in saurara, in ya karkace in ja masa jan layi. Wanda layinsa ya wuce goma a rubuta harshensa ya taɓu, a mai da shi gida. Na zaɓo ƙafa, ɗaki, ɓera, tsuntsu, ƙwai da ire-irensu. Ina zaɓa ina jin daɗi, don mu 'yan tsofaffin gidajen Salaga da waɗannan haruffa muke taƙama, da su muke gane ɗan gida.

Na biyu, abin da na ɓoye maka. A zangon Yendi, balle na Bawku, Hausa harshen kasuwa ce. Uwa Bakusasiya, uba Bamoshi, a haɗu a kan Hausa. Can kowa kafa yake cewa, da daki, da bera, da sunsu, har limamin da ke jan su salla. Ba ciwo ba ne, haka garin yake magana. Tun a Yendi jan layi ya fara yawa, ka kaɗa kai ka ce ashe sanƙarau ya fi ɓarna a nan. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, alhali na san ƙarya nake yi. Kunya ta hana ni in ce takardar kalmomin nan da ka yaba mini a gaban mutane gurguwa ce.

Kada ka ji haushi, amma kai ma kafa kake cewa. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin ƙ ta fito daga bakinka ba, da na gwada ka da katin nan da tuni na mai da kai gida. Kunnena ne kaɗai ma'aunin, kai hannu kawai kake sawa. Naka laifin ke nan: ba ka taɓa kiran dattijo ɗaya na Bawku ka ji yadda shi yake faɗa ba.

Na uku, maganar Salifu. Ɗan ƙanwata Hassatu ne, wadda ta rasu yana goye. Kakarsa ta wajen uba, tsohuwa Bamoshiya mai sayar da gero, ita ta rene shi a Bawku. Yaro ne da bakinsa ba ya hutawa. Yana taya ta ciniki da Moshanci, ya yi faɗa da Kusasanci, ya yi tatsuniya da Hausa. Ranar gwaji ya shigo da sabuwar riga, da ya ga kawunsa ne ke riƙe da alƙalami sai ya washe baki. Aka ɗaga kati, ya ce kafa, da ƙarfinsa. Ka juyo ka dube ni. Na riga na kayar da 'ya'yan mutane a kan wannan kalma tun safe, na ji tsoron a ce na zo kan nawa na kau da kai. Na ja layi. Sau goma sha huɗu na ja.

Kakarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, “Malam, yaro bai da ciwo. Jiya ma shi ne ya yi magana har kowa ya gaji. Kai ne kawu, ka gaya ma Bature.” Na ce mata aikin gwamnati bai san kawu ba.

Na huɗu. Katin nan ko waɗanda aka yi shi dominsu ba ya kamawa. Ɗan maƙwabcina a Salaga, wanda ciwon ya toshe wa kunne da gaske, ya ci gwajin tas, don hoto da ido ake ganinsa, kuma a gidansu ƙafa ake cewa. Yana can aji yana kallon bakin malami, ba mai taimakonsa.

Watan jiya na je Bawku. Na tarar yara sun laƙaba wa Salifu suna Bebe. Kakarsa ta ce tun daga ranar gwajin yake laɓewa bayan rumbu yana ta ƙaƙarin koyon harafin da ya kayar da shi. Da safe ya zo gaishe ni, ya durƙusa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, da ƙyar ya ce, “Ƙ-ƙ-ƙawu, ina ƙwana?” Yanzu tsoron k yake yi, duk inda ya gamu da ita sai ya maƙure ta. Yaron da ba shi da komai ya wayi gari da in'ina. Abin da sanƙarau bai yi masa ba, ni na yi masa.

Don haka ina roƙo, ranka ya daɗe. A janye katin nan. In za a yi sabo, kowane gari mutanensa su zaɓi kalmomin, su kuma saurara, a bar yaro ya yi hira da harshen da yake sha'awa, a yi masa magana ta bayansa a ga ko yana ji. A sake kiran duk yaran da na ja wa layi a Yendi da Bawku, sunayensu suna cikin littafinka da rubutun hannuna. A ba Salifu gurbinsa, a nema masa mai haƙuri ya kwance masa harshe.

Roƙona na ƙarshe, ranar da za a sake gwada shi kada a sa ni a ɗakin. Da ya gama gaishe ni a waccan safiya bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba, ya ga ko ina riƙe da jan alƙalami. Ga alƙalamin nan na haɗo maka da wasiƙar.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gyara da hannunka, ya mai da kai ƙasarku lafiya. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Wassalam.

Ilyasu, kawun Salifu,
Salaga.