Naɗin Hagu

Mannum, 9 ga Satumba

Zuwa ga yayata Noelene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan iskar tekun Albany ba ta ƙarasa kwashe miki sauran gashin kai ba. Nan lafiya lau, sai dai gwiwa, ita kuwa tun bara ta daina jin magana.

Saƙonki ya iso ranar Talata, kamar kowace shekara idan sanyi ya fara janyewa: ƙugiyoyi goma sha biyu, kowacce ɗaure da zarenta, an naɗe su a jikin kwalin ganyen shayi. Washegari na ɗauki gwangwanin masara na sauka gindin bishiyar nan da Baba yake ɗaure kwalekwalensa. Kafin shayina ya huce na fito da kifin lakan nan da ake kira kaf, guda huɗu, ƙatti, masu leɓe irin na Goggo Thelma idan an zauna mata a kujera. Tunda doka ta hana a mayar da su ruwa, suna can ƙarƙashin lemun tsamina suna aikin taki.

Kin tuna kogin nan kafin wannan kifin laka ya mamaye shi? Daga cikin kwalekwale muke hango yashi a ƙasa. Ranar da Baba ya zaunar da mu zai koya mana ɗaurin ƙugiya, ya dubi yatsuna ya ce, "Waɗannan sai dai haƙa rami," ya juya wajenki. Har yau ina cin arzikin wannan hukunci.

To amma ga wani abu. Ina cikin zura masara sai na kai ƙugiyar kusa da ido. Sai na ga naɗin zaren ya bi ta hannun dama. Yaya, ke bahaguwa ce tun kina rarrafe. Malaman da suka yi ta dukan hannun nan duk sun mutu ba su ci nasara ba. Naɗinki hagu yake bi, sau bakwai, sannan ki ƙona bakin zaren da ashana. Waɗannan sau tara ne, sumul, ko ɗigon baƙi babu. Sai da kika kai saba'in da takwas kika sauya hannu?

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Athol

Albany, 20 ga Satumba

Athol,

Ina gaishe ka, da gwiwar, da lemun tsamin, wanda na lura ya fi ka samun kulawa.

Za ka ga wasiƙar nan bugun inji ce. Kwamfutar marigayi mijina na share wa ƙura. Duniya duk ta ci gaba sai kai da bironka. Batun naɗi kuwa, sabon tabarau na yi, shi ya sa aikin ya fito tsaf. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa kyauta ya tsaya ƙirga mata naɗi ba. Sun kama kifi ko ba su kama ba? To ka rufe min baki.

Ka riƙa sa hula idan za ka kogi, kan nan naka ba abin da ya rage a kansa.

Sai na ji daga gare ka.

Yayarka,
Noelene

Mannum, 1 ga Oktoba

Yaya Noelene,

Ina gaisuwa, amma yau ba zan daɗe a kanta ba.

Jiya na shiga kantin kayan kamun kifi sayen darmar da ke nutsar da ƙugiya. Ga ƙugiyoyi nan rataye a bango cikin leda, ɗaurin kamfani, jere reras. Merv mai kantin ya ce, "A'a, Athol! Kai da ake ɗauro maka daga ƙarshen duniya, me ya kai ka wannan bangon?" Na ce dubawa nake. Ya ce, "Dubawa ba ta cika bokiti, tsoho." Na zaro ɗaya daga cikin naki na kara da tasa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Tabarau ba ya juya naɗi, yaya.

Bari in tuna miki wani abu. Shekarar da ciwo ya kwantar da Baba, kina can Albany da goyo. Shi yake faɗa ni nake rubuta miki: lafiya ƙalau, aiki ne ya yi yawa. Na bi umarninsa har ya cika. Kika kwana biyu a jirgin ƙasa, kika tarar an riga an binne shi. A tashar nan kika shaƙe min wuyan riga, da hannun hagu kuwa, kika ce, "In ka sake ɓoye min wani abu, ba ni ba kai." Wata bakwai ba ki ce min uffan ba. Sai ga kwalin ƙugiyoyi na farko, ko rubutu babu a ciki. Shekara talatin da takwas ke nan.

Ni dai ban sake ba. Ba na so in sauka daga jirgi in tarar da abin da kika tarar. Me ya sami hannunki?

Ƙanenki da ke jira,
Athol

Albany, 14 ga Oktoba

Ƙanena Athol,

Gaisuwa, da ban haƙuri, wanda ka san ba kasafai nake bayarwa ba, don haka ka adana shi.

A watan Yuli ne, da safe. Na ɗauki butar shayi, sai na gan ta a ƙasa ban san lokacin da na sake ta ba. Ɓarin jikin hagu ne ya shanye. Na yi sati uku a asibiti. Baki ya dawo, abin da bai yi wa maƙwabta daɗi ba. Ƙafa tana ja amma tana zuwa. Hannun ne yake kwance a cinyata kamar kaf ɗin da ka jefa kan ciyawa. Da yatsa ɗaya na dama nake buga maka wannan.

Glenys maƙwabciyata ta kai ni kanti a motarta. Na yage ledojin da haƙori, na kwana biyu ina naɗe su a kwalin shayi don su yi kama da nawa. Ashana ce na manta. Ban taɓa zaton kana duba su ba. Na ɗauka jefawa kawai kake yi a ruwa.

Ka tambayi hannu, ba ka tambayi dalili ba, amma ga shi. Ni da kai ba mu iya magana ba. Baba bai koya mana wannan ba. Ni in aika ƙugiya, kai ka aiko labarin kifi, a haka muka tsufa. Ina kwance a asibiti na ce, idan ƙugiya ta tsaya, me zai sa Athol ya ɗauki biro? Ba ɗaurin nake tsoron rasawa ba.

Yanzu ka ji. In za ka shaƙe min wuyan riga, ka zo da kanka.

Yayarka,
Noelene

Mannum, 22 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki buɗe ɗan kwalin da ke cikin ambulan a hankali, akwai tsini.

Sau bakwai, naɗin hagu, ga ƙunar ashana. Ni na ɗaura. Na warware naki na koya tun shekara ta biyu. Ban faɗa ba, don kada kwalin ya daina zuwa.

Jirgina zai iso ranar Asabar. Ki ce wa Glenys ta nemi mai sanƙo, sanye da hula.

Mai yatsun haƙa rami,
Athol