'Yata Tana Yi Wa Ubanta Dariya Ba Ta Sani Ba

Gwaggo Safara'u, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya fi ƙarfin kaina, kuma duk wanda na faɗa wa a gida cewa zai yi na cika sa abu a rai.

Ina zaune a Kambarawa, ɗinki nake yi. Mijina ya rasu 'yarmu Haulat tana tatata, yanzu tana aji huɗu, ita kaɗai Allah ya ba mu. In kin yi kallon talabijin a shekarun baya kin san wasan Tsakar Unguwa, kin kuma san Lasau, makwaɗaicin nan da ba a suna ko biki bai kutsa ba, kullum a ƙarshe a kama shi da hannu cikin kwanon mutane a bi shi da muciya. To, mijina ne.

Gwaggo, mutumin nan a gida loma kaɗan zai yi ya ce ya ƙoshi. Mai buga tafireta ne a ofis, ga kunya kamar amarya. Wasan ne ya biyo shi har gida. In ya je ɗaurin aure, manya da furfurarsu sai su janye faranti suna cewa a rufe kwano ga Lasau nan. Ranar sunan Haulat ma sai da wani ya yi masa haka, a kan naman ragon da shi ya saya. Wanda ya fi ƙona masa rai, wata rana liman bai zo ba a masallacin unguwarmu ta da a Ƙofar 'Yandaka, aka tura shi gaba, yana kabbara wasu samari a sahun baya suka fashe da dariya. Daga ranar ya bar wasan, ya daina cin abinci a taro. Hotunansa ma tattarawa ya yi ya ƙone, bai bar mini ba sai na katin aiki, shi ma ruwa ya taɓa shi har fuskar ta dushe.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce mini a gaban yayansa Alhaji Zubair abu ɗaya yake roƙona, kada in bari 'yarsa ta san shi da sunan Lasau. Na yi masa alkawari. Bayan takaba na dawo gidanmu, wasan ma an daina shi, na ɗauka magana ta mutu.

Sai ga shi tun da sojoji suka koma bariki kowa ya samu baki, jaridu da mujallu suka cika gari. Wasu samari suka fito da mujallar yara ta zane, suka ɗauko Tsakar Unguwa suka mayar da shi hotuna, maganar kowa a rubuce a saman kansa. Wanda ya zana Lasau, ban ce Allah ya isa ba, amma ya san aikinsa. Wushiryar nan, da tabon gira, da yadda yake karkace hula, har kafaɗar hagun da yake ɗan ɗagewa, babu abin da ya bari. Ranar da Haulat ta aro ta wajen ƙawarta ta shigo da ita, na buɗe na ga mijina yana kallona.

Yarinya ta kamu. Duk fitowa sai ta samo, ta kwanta a tabarma tana dariya har da shure-shure. Karanta mini take yi da wata murya da ta ƙirƙira wa Lasau, kuma wallahi muryar ba ta yi nisa da tasa ba. Na hana, ta koma karantawa a maƙwabta. Makon jiya ta sake shigowa da ita, ta kai shafin da aka biyo Lasau ya faɗa rijiyar marina ya fito shuɗi, ta shiga tafi tana cewa Allah ya ƙara, ɓarawon tuwo. Ban san lokacin da na mare ta ba, ni da ban taɓa kai hannu fuskarta ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni laifin da ta yi. Har yau in na shigo ɗaki sai ta yi tsit.

Alhaji Zubair ya ce wasiyya wasiyya ce, mamaci yana da haƙƙi, kuma tunda yanzu mulkin farar hula ne kotu zai kai samarin a hana su. Ni kuma gani nake ranar da aka shiga kotu, ranar garin nan gaba ɗaya zai ɗauki maganar. Tun yanzu ma uwar wata ƙawar Haulat ta riƙe mata haɓa ta ce wushiryarta sak ta Lasau, ta yi dariya. Ita kuwa ta dawo tana murna da abin.

Jiya na je ɗibar itace bayan madafa, na tarar ta zana shi da gawayi a bango, ta ajiye masa kwano cike da tuwo har da miya. Na tambaye ta, ta ce ai kowa korarsa yake yi, shi ya sa ita ta zuba masa. Na shiga ɗaki na yi kuka na gode Allah.

In na faɗa mata na ci amanar mamaci. In na yi shiru 'ya tana zagin ubanta da bakinta, alhakin kuma a wuyana. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma in ta tafi makaranta nakan ɗauko mujallar in yi ta kallo, don ba ni da wata fuskarsa. Yaya zan yi?

Uwar marainiya, Kambarawa, Katsina.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Na sauya sunan wasan da sunayenku kafin a buga, amma duk wanda ya kalli talabijin a lokacin zai iya harhaɗawa, kamar yadda matan unguwarku suka riga suka harhaɗa. Saboda haka ba ki da lokaci da yawa.

Alhaji Zubair bai yi laifi ba da ya riƙe maganar ƙaninsa, ke ma riƙon da kika yi mata shekara da shekaru abin yabo ne. Sai dai ki tambayi kanki me marigayin yake gudu. Gudu yake kada 'yarsa ta ji kunyarsa, kada ta raina shi kamar yadda 'yan sahun baya suka yi. Lokacin da ya roƙe ki bai san za a zana shi a kai makarantar 'yarsa ba. Yanzu ji dai za ta ji, ko daga bakinki a ɗaki, ko daga bakin yara a filin makaranta suna nuna ta. Na biyun shi ne ainihin abin da ya ji tsoro.

Ku je ke da Alhaji wajen malamin da ya yarda da shi, ku kwashe komai ku faɗa, don hankalinku ya kwanta a kan alkawarin, kuma kada ki yi abin a bayan idon dangin ubanta. Maganar kotu a jinkirta. Alhaji ya fara samun samarin nan ya gaya musu mai fuskar nan ya bar marainiya. Ba mamaki ba su sani ba, kuma ba su da hujjar ƙin rage dukan da suke sa ana yi masa, ko ƙin rubuta sunansa na gaskiya da addu'a a shafin farko.

Kafin duk wannan, ki ba Haulat haƙuri a kan marin, yau ɗin nan, ba ta yi laifin da ta sani ba. In ranar faɗa ta zo, fara mata da mutumin: mai kunya, mai ƙaramin ci, wanda aka taɓa turawa gaba ya ja salla. Sannan ki ce shi ne ya iya wasa har garin nan ya kasa mantawa da shi. Ki gaya mata dariyar da ta yi ba zunubi ba ce, don a yi dariyar ya yi aikin. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi, ku yi masa addu'a tare.

Mujallar kuma ki daina ɓuya kina kallo, ku kalla ku biyu. Zanen bayan madafa kada ki goge shi. Yarinyar da ta zuba wa Lasau tuwo alhali ba ta san ko wane ne ba, ba za ta janye kwano ba in ta ji ubanta ne. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya yi mata albarka.

Gwaggo Safara'u