Gawayin Da Ba Ya Zama Toka

Fagge, Kano, daminar 1956

Zuwa ga Yagana, inuwar tsamiyata da azahar, ruwan randata mai sanyi, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko, matata ta shekara arba'in.

Ina gaishe ki, ko da yake ke ba ki aiko da gaisuwa ba. Wata huɗu ke nan kina Nguru, gidan ƙaninki Mala, wanda tun yana yawo ba wando ba ya ƙaunata. Ambrose, tsohon akawun tasha na Sabon Gari, shi ke rubuta mini wannan. Na ce kada ya gyara mini baki.

Na gaji, Yagana. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, fushin ma ya gaji.

Kin tuna ranar sunan jikanmu, da na ce a gaban jama'a ni na ƙone saboda gidan nan, shekara talatin ina zuba kwal a wutar jirgin ƙasa, ke kuwa ga ki nan sumul kamar ranar da aka kawo ki, me kika taɓa yi? A aikinmu da toka ake auna wuta. Abin da bai zama toka ba, bai yi aiki ba. Haka aka koya mini.

To, Ambrose ya karanto wani abu a littafinsa. Wai manyan taurari ba itace suke ci ba, ba kwal ba. Wai a cikinsu akwai ƙwayar wani abu dangin gawayi, kabon. Sai ta kama ƙwayar wata iska marar nauyi, haidurojin, ta rikiɗa, ta kama wata, ta sake rikiɗa, har huɗu. Sannan ta sake su a dunƙule sun zama abu ɗaya, hiliyam, haske ya fita, ita kuma ta koma yadda take, ta fara daga farko. Kwana uku ina musu da shi. Ni za a gaya wa wuta? Ina aka taɓa ganin gawayi ya yi aiki bai ƙare ba?

Sai na dawo gida na tarar da murhunki a mace. Ke da kike binne garwashi a toka ki tono shi da safe, shekara arba'in ba mu roƙi wuta ba! Yau ni, mai wutar jirgi, nake ɗaukar kasko zuwa ƙofar Philomena maƙwabciyarmu, tana dariya a ciki-ciki.

Ni da marigayiya Innata mai zafin baki, da 'ya'yanmu Sammani da Hajja da ba sa shan inuwa ɗaya: mutum huɗu, wa ya dunƙule mu muka zama gida? Wa ya haɗiye zafin kowa, ya wayi gari da fuskarsa ta jiya? Tun tafiyarki yaran ba su tako ba. Ya tauraruwar asubata, don ban ga tokarki ba na ce ba ki ƙone ba.

Kin san ni, ban taɓa zuwa biko ba, kuma na rantse ba zan durƙusa a zauren Mala ba. Kaffara zan yi. Ranar Asabar ina jirgin Nguru, a kujerar fasinja, karon farko a rayuwata. A gaban mutane na faɗi maganar, a gaban mutane zan janye ta.

Ga yatsana na dangwala da baƙin murhunki. Ki dawo ki hura shi.

Naki ke kaɗai, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Kyari