Sallar farko ba Hajiya

Zuwa ga ƙanwata Dija,

Bayan sallama, ina gaishe ki. Ya maigidanki da yara, ya ciwon ƙafar? Mu nan Barunde da sauƙi.

Sallar nan ta yi min nauyi, ita ce ta farko ba matata Hajiya. Na sa an shimfiɗa tabarmi an toya masa yadda ta saba, amma cikin 'ya'yanmu kowa ya aiko da uzuri. Ashe wajenta suke zuwa. Masa ta huce, na raba wa maƙwabta.

Bayan la'asar sai ga ɗan autana Usman daga Tumfure, da jaririyarsa mai sunan marigayiya. Ya ɗora min ita a cinya ya ce, "Baba, ga amaryarka ta zo gaisuwar Sallah." Kin san kunyarmu, tana raye ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar na kira shi har sau uku, ina dariya hawaye na zuba.

Ki daure ki zo babbar Sallah. In 'ya'yan sun ji kina nan za su taru, in ba haka ba taron gidan nan ya ƙare. Ki sa Hajiya a addu'a, ki gaida kowa.

Yayanki,
Bappa Umaru