Dogon Hannun da Maƙabarta ke Jira

Dingyaɗi,
Ƙaramar Hukumar Boɗinga.

Zuwa ga ɗana Mansur,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan takardata za ta iske ka lafiya a can Fatakwal, kai da Bahijja da yara. Allah Ya tsare ka cikin manyan injunan nan da kake aiki da su. Mu nan mun gode Allah. An kwashe albasa, ba ta yi laifi ba. Gwiwata ce kawai take ta ƙorafi, ni kuwa na daina saurarenta.

Rukayya ƙanwarka ta nuna mini hotunan da ka turo a wayarta, na kawunan da ake sauya wa ƙaramar motar kwasar ƙasan da ka aiko mana bara, ka ce in zaɓi guda. Na duba su a tsanake. Mai shara, mun gode, tsintsiya ba ta ƙare a garin nan ba. Mai yatsu na ɗaukar buhuna yana da kyau, haka mai murɗawa yana huda rami. Da a watan jiya ka tambaye ni, mai yatsun zan ce. Amma ka saurari abin da ya faru.

Ka san kwazazzaben da ke gabas da maƙabarta. Daminar bara ya ci ƙasa fiye da yadda ya ci a shekara biyar, har ya kwashe katangar wannan gefen. Na auna da ƙafata: taku tara ya rage tsakaninsa da kabarin mahaifiyarka Hajjo. Sai muka yi shawara a cike bakinsa da duwatsu. Ta waje motar ba ta iya matsawa, gefen yana zubewa, don haka Badaru mai tuƙa ta ya ce zai bi ta cikin maƙabarta, ta wani fili da babu tudun kabari ko ɗaya. Dukanmu dattawa muna tsaye, muka ce ya bi. Mu da muka binne mutane da hannunmu muka manta cewa filin da ya kwanta a maƙabarta ba fili ba ne, tsofaffin kaburbura ne ruwa ya daidaita, ƙarƙashinsu rami ne da itacen da ya riga ya ruɓe.

A sahu na uku, da cokalinta cike da dutse, ƙafar baya ta burma. Ba zan rubuta maka abin da muka gani ba. Malami, ɗan marigayi Nuhu, ya gane wurin mahaifinsa ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tuɓe rigarsa ya rufe, ya zauna a ƙasa. Da igiya da ƙarti muka janye motar. Badaru bai sake hawanta ba har yau. Liman ya ce muddin yana raye ƙarfe mai taya ba zai ƙara shiga wurin ba, kuma babu wanda ya musa masa, har da ni.

To a cikin hotunanka akwai wani dogon hannu mai gwiwa da ƙaramin cokali a bakinsa. Badaru ya ce da shi motar za ta tsaya nesa, kan ƙasa mai tauri, ta miƙa dutse inda ake so. Shi nake zaɓa, in har zai iso kafin ruwan fari. Da kwando da kanmu mun gwada, kwazazzaben ya fi ƙarfinmu.

In ba zai iso ba, kada ka ɓoye mini don kunya. Liman ya ce ya halatta a tashi mahaifiyarka a mayar da ita yammacin maƙabarta kafin ruwa ya yi mana wannan aikin. Ni na sa ƙanwata a ramin nan, amma ba ni da ƙarfin bayan da zan fito da ita. Sai ka zo da kanka. Ka sanar da ni wanne zan jira, hannun ko kai.

Gwaggonka Lami tana gaishe ka, haka Rukayya da mijinta Hamza. Ka gaida Bahijja, ka shafa mini kan Zahra'u. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa musu asiri.

Kawunka,
Sodangi