Lanying Shekararta Bakwai, Ba Tara Ba

Zuwa ga Baban Lanying,

Ina gaishe ka. Ya jikin Mama, ya ƙafar tata? Ni nan birnin Sendai lafiya lau. Ɗakin ne dai da sanyi, amma na saba kwana da rigar sanyi, kada ka damu.

Hoton bikin sabuwar shekara ya iso. Haba Baban Lanying! Ƙirjin yarinyar nan ya fara tasowa, kai kuma ka rubuto hankali kwance wai likitan ƙauye ya ce ba komai tunda shekararta tara. Tara a gidan wa? Ni na haife ta! Lissafinmu na gida kuka ba shi: ranar haihuwa kuka ce shekararta ɗaya, ko wata ba ta yi ba sabuwar shekara ta shigo kuka ce biyu. Jiki bai san wannan lissafin ba. Bakwai gare ta.

Aikin da ya raba ni da ku ke nan, binciken yaran da balaga ke zo wa da wuri. Kullum ina duba hoton ƙashin 'ya'yan mutane, ina ganin yadda tsawonsu ke tsayawa cak. Tawa kuma tana can Mama na ɗura mata maganin ƙarin ƙarfi wai ta yi jiki.

Ka kai ta asibitin birni cikin makon nan, ka faɗi ranar haihuwarta, ba shekarunta ba. Maganin nan a zubar. In Mama ta yi faɗa, ka ce ni ce.

Ina muku fatan alheri. Yarinya na bar maka, yarinya nake so in tarar.

Matarka,
Shuzhen