'Yar Ƙanwata Ta Katse Ni a Rediyo

Hajiya Abibata, ki taimake ni, ko da yake ban sani ba ko ke ma irinsu ce, don ku masu jarida da masu rediyo jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Ni ɗan kasuwar doya ne a Salaga, kakannina fataken goro. Shekara da shekaru ina kiran shirin siyasa na safe na wani gidan rediyo a Yendi, wanda wata tasha a Bawku ma take ɗaukowa. Ba wanda bai san muryata ba. Kuma ni ba ɗan kiran haya ba ne irin waɗanda jam'iyya ke saya wa kati suna karanta abin da aka rubuta musu. Ra'ayina nake faɗa.

Bara aka ɗauki Firdaus, 'yar ƙanwata, aikin tace masu kira a gidan rediyon. Yarinyar da ta yi makaranta a gidana. Na yi murna, na ce layi ya zama nawa. Ashe ruwan dafa kaina na ɗebo.

Watan jiya wasu samari suka tare motar doyar abokina a hanyar Bawku, suka riƙe ta a rana har doyar ta lalace. Direban ya faɗa min ko su wa ne, da ɗan takarar da ya turo su. Na kira shirin, na fara jero sunaye, sai na ji ɗif. Na sake kira, Firdaus ta ƙi ɗauka. Can sai ga saƙonta a rubuce, wai Kawu in yi haƙuri, ba su da hujja, kuma garin Bawku ba ya son irin wannan magana yanzu. Yarinyar da na ga ranar sunanta ita za ta koya min abin da gari ke so.

Na ɗauki wayata na yi saƙon murya na tura a guruf ɗin waya na 'yan Zango, wato unguwanninmu na Hausawa. Kafin la'asar ya kai garuruwan Garu da Zebilla, har daga Kumasi ana kirana. To ki faɗa min amfanin katsewar tata. Wa zai toshe bakin mutum a zamanin nan?

Abin da ya kawo ni shi ne, wasu marasa tarbiyya sun yanke saƙon, suka cire inda na ce wasu samari ne, ya koma kamar unguwa guda nake zagi. Unguwar kuwa ta Alhaji Fadlullah ce, maigidana a Bawku. Ubansa ne ya sauki ubana. A zaurensa nake kwana, a rumfarsa nake sauke kaya, shi ke tsaya min a kasuwa. 'Ya'yansa suka kunna masa, ya aiko cewa kada in sake taka gidansa. Na yi sabon saƙo na bayani, ko mutum ɗaya bai tura shi gaba ba. Alhaji ba ya riƙe babbar waya, abin da ya ji a rediyo kaɗai yake yarda da shi. Na nemi Firdaus ta ba ni minti biyar a shirin in yi bayani, ta ce sai na janye sunayen. Ba zan janye ba. Da ta bar ni na gama maganata tun ranar, da duk wannan bai faru ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tunanin sa manya su yi wa manajanta magana a sallame ta. Ga sabuwar doya ta fito, ba ni da masauki.

Ga sunayen nan a ƙasa. In ke ba matsoraciya ba ce, ki buga wasiƙata yadda take.

Mai Doya, Salaga

Malam Mai Doya,

Na cire sunayen, sai ka ƙara ni cikin waɗanda kake fushi da su. Dalilina ɗaya da na Firdaus: maganar direba ɗaya ce, a kan garin da ƙaramar magana ke iya jawo asarar rai.

Kana da gaskiya a abu biyu. Ba mai iya toshe bakin kowa yau, wayarka ta nuna haka. Kuma ya kamata Firdaus ta kira kawunta ta ba shi haƙuri da bakinta, ba ta turo saƙo ba.

Amma duba abin da kake roƙo. Ka ce tacewa ba ta da amfani, kuma kana neman minti biyar a wurin mai tacewar. Alhaji yana yarda da rediyon ne saboda akwai irin Firdaus a bakin layin. Da ta bar ka ranar, da a nan zai ji sunayen 'ya'yan maƙwabtansa daga bakinka, kuma da ba wani bayani da zai goge shi. Saƙon muryarka ba wanda ya tace shi, shi ya sa kowa ya yanka yadda ya so.

Ka bar zancen manaja. In aka kore ta, ka rasa 'ya, kuma wanda zai gaje ta bai san ka ba. In direban zai tsaya a kan maganarsa, ku kai wa hukuma. Kai kuma ka karɓi sharaɗin Firdaus, ka faɗa a shirin cewa ji ka yi, ba gani ba.

Kafin nan, ka tura dattijon da Alhaji ke jin nauyinsa da goro, ya nema maka izinin zuwa. In ya amince, ka je ka zauna a ƙasa a zauren nan, wayarka a aljihu. Ubanka da nasa ba a rediyo suka ƙulla amana ba.

Allah ya huci zuciyarka, ya sa doyar bana ta sauka a rumfar da ta saba.

Hajiya Abibata